Nauyin Sadiƙ

Tungar Aduwa, ƙasar Kurfai
Farkon damina

Zuwa ga Yayata Zuwaira, a Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Inna tana gaishe ki, ciwon gwiwarta yana nan yadda kika bar shi. Baba yana gaishe ki. An yi ruwan shuka, gero ya fito, sai dai rumbu ya yi ƙasa, har mun fara jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci na lokacin yunwa.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Tun da aka ƙone ƙarfen rezo na wayar salula ba mu da hanyar kiranki, shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafina na lakwal, makarantar boko. Zan ba Haske mai jaki in za shi kasuwar Filinge, shi kuma ya ba direban Yamai.

Maganar ɗanki Sadiƙ ce. Tun da kika kawo shi yaye wurin Inna ni ke goyonsa. Zawo ya kama shi, ya tsaya, ya sake dawowa. Kunu yake kurɓa kaɗan ya kau da kai. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi kamar na jinjiri.

Kin tuna madam majo, mai ba da magani a ɗakin likita na bayan gari? Ta tafi tun ranar da mutanen daji suka zo suka yi harbi sama. Kafin ta tafi ta bar wa dattijo Malam Garba balans, wannan mai kama da agogon bango, mai ƙugiya sama da ƙasa da wandon da ake zura yaro a ciki. Ta ce a riƙa auna yara duk mako. Ta duba tsawon Sadiƙ ta ce in ya sauka ƙasa da kilo shida da rabi, kada a kwana, a kai shi babbar likita, wato asibitin Filinge.

Da can a reshen aduwar ƙofar likita ake rataye balans. Yanzu ba mai zuwa wurin, kuma ana tsoron taro a fili. A tsakar gidan Malam Garba ake yi, bayan danga, da sauri-sauri, a gama a ɓoye balans cikin rumbu. Babu itace a gidan, sai ya riƙe ƙugiyar sama da hannunsa ya ɗaga yaro. Idonsa ba ya ganin lamba, shi ne aka sa ni karatu don na yi lakwal. Kafaɗarsa tana ciwo, ba ya iya daɗewa. Yana ɗagawa sai ya ce, “Karanta, ɗiya, karanta maza!” Ni kuma in faɗi inda tsinken ya kai.

Sadiƙ kilo shida da giram ɗari takwas. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

Yaya, ban san yadda zan faɗa miki ba. Bayana bai yarda ba. Zanen goyon nan mai shuɗi, da can da ƙyar ƙullin yake kamawa, yanzu har bakinsa yana saura ina sokewa. Jiya na je rijiya da shi, na sunkuya zan ja guga, sai na kai hannu baya in ji ko yana nan.

Ban gaya wa kowa ba. Kin san ni da magana gaban manya, murya ba ta fito mini. Ke kaɗai na iya gaya wa, a takarda. Ki ce mini abin da zan yi.

Ki gaida matar da kike zaune wurinta. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Basiratu

*

Yamai

Basira auta, sarauniyar tsoro,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, tana warin busasshen kifi, ban san inda direban nan ya cusa ta ba. Ki gaida Inna, ki ce ta daina zuwa itace da gwiwar nan. Ki gaida Baba da aiki.

Na karanta na yi dariya, na sake karantawa na yi miki faɗa a raina. Ke ce fa kika girma! Kina daka, kina jan ruwa, ƙarfi ya zo miki, dole yaro ya yi miki sauƙi. Ni ma tulun da ya taɓa sa ni kuka, kafin a yi mini aure da hannu ɗaya nake ɗora shi. Zane kuwa in ya sha wanki yakan saki. Balans ƙarfe ne, Basira, bai san ɗan wani ba balle ya yi masa kara. Abin da ya faɗa shi ke nan.

Na samu aiki, ki gaya wa Inna. Shara da goge ƙasa a wani bene mai hawa bakwai. Akwai wani abu a ciki da ake ce wa asansar, ɗan ƙaramin ɗaki ne na ƙarfe, ki shiga ki danna lamba ya tashi da ke sama. Ranar farko da ya fizga na ji ƙafafuna sun nutse, da ya zo sauka na ji hanjina ya tsaya a hawa na bakwai ni na taho ba shi. Na ƙwalla, “Wayyo Inna!” Tsohon mai gadi har yau in ya gan ni sai ya ce, “Ƴar Kurfai, kin koma kin ɗauko cikin naki?”

Uban Sadiƙ shiru daga Libiya. Na daina tambaya.

Ga sukari da garin madara na ba direba, a riƙa sa masa a kunu. Ga kuma ɗan takalmi ja, irin mai ƙara in yaro ya taka. Da na gan shi a kasuwa kasa wucewa na yi. Ki sa masa ya zaga gida ya hana Baba barcin rana.

Ki kwantar da hankalinki. Amma ki riƙa rubuto mini lambar kowane awo, kin ji? Kada ki ɓoye mini komi.

Yayarki,
Zuwaira

*

Tungar Aduwa
Lokacin noman fari

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ki, mun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi.

Takalmin ya yi masa yawa. Yaya, Sadiƙ ya daina tsayuwa. Da kika tafi yana dafa turmi ya miƙe, yanzu inda na ajiye shi nan zan same shi. Nakan matsa takalmin da hannuna ya yi ƙara, shi kuma ya bi shi da ido. Madarar ma ba ta zama a cikinsa.

Kin ce in faɗa miki lamba. Kilo bakwai da giram ɗari shida.

Ga yadda aka yi. Kafaɗar Malam Garba ta ƙi ɗaguwa wannan makon, sai ya kira ɗansa Kailu, wanda yake kokawa. Kailu ya naɗe hannun riga ya ce, “Ku kawo su, ni da nake ɗaga ƙato.” Yana kama ƙugiya sai ya fizge yaro sama kamar zai kai abokin kokawa ƙasa. Malam Garba yana gefe yana cewa, “Karanta maza, kafin shi fara shure-shure!” Na karanta. Duk yaran gari sun ƙaru a ranar, ko ɗaya bai rage ba. Habsa maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa, aka ce ta yi shiru kada a ji daga waje. Balkisa ta rungume ɗiyarta Anisa tana rawa, wai ta ƙaru da kilo guda. Anisa kuwa ƙafafunta sun kumbura, in an danna yatsa sai ramin ya zauna.

Ni na ga wani abu, Yaya. Lokacin da Kailu ya fizga, tsinken yakan yi tsalle can gaba, sannan ya fara dawowa baya yana rawa. Kafin ya tsaya an sauke yaro. Lambar tsallen ce nake faɗa, don ita aka ce in faɗa. Lokacin madam majo, na tuna, takan harɗe hannu ta jira.

Na kasa cin tuwo. Da safe na je rijiya na gwada da guga. In na fizgo ta da ƙarfi, igiya sai ta ci hannuna kamar ruwan ya ninka. In na tsaya cik ta rataya, nauyin sai ya koma daidai. In na sake ta ta yi ƙasa da gudu, kamar babu komi a ciki. Ruwan kuwa shi ne dai, ban ƙara ba, ban zubar ba. Na yi ta yi har matan da ke jira suka ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Shin balans ma haka yake ji? Ban sani ba. Ba a koya mana wannan a lakwal ba kafin a rufe ta.

Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba. Ina bayan ɗaki ina ji. Ya ce, “Jakin nan shi ke kai mu gona. Hanyar Filinge kowa ya san abin da ke kanta. Ke ba ki iya tafiya, ita zan sa. In ɗora ɗiya budurwa a kan wannan hanya saboda yaron da balans ya ce yana ƙaruwa? In ya sauka ƙasa da abin da majo ta ce, ni da kaina zan ɗaura amalanke. Kafin nan kada a sake tada maganar.”

Ba zai sauka ba, Yaya. In dai Kailu ne ke ɗagawa, har a kai yaro kabari balans yana cewa ya ƙaru. Allah ya yafe mini wannan magana da na rubuta.

Malam Garba ya ji an ce kina damuwa, ya kira ni ya ce in rubuta miki tasa takardar. Na haɗa su tare. Don Allah ki taimake ni, ba ni da kowa da zai ji maganata.

Basiratu

*

Daga Malam Garba, Tungar Aduwa
Zuwa ga ɗiyata Zuwaira

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ki, ina gaida mutanen da kike cikinsu. Ina hwatan kina lahiya, kina riƙe da salla.

Na ji an ce hankalinki ba kwance yake ba kan yaron ga naki. To ki saurara. Ni na yi ma ubanki wanka ranar kaciyarshi, ba ni yi miki ƙarya. Amanar da majo ta bar min ban yi wasa da ita ba. Ko mako guda ban hwasa awo ba, ko ranar da anka ji harbi wajen Abala sai da munka auna. Yaron ga shina ƙaruwa. Gaban jama'a anka auna shi, ƙanwarki ta karanta da bakinta. Ramar da ake gani ta haƙori ce, duk yaro shina yin ta.

Hanya ba ta da kyau, ɗiyata. Kwanan baya an tare masu amalanke an kwance musu shanu. Wanda Allah ya ba lahiya cikin gida ba a kai shi daji neman ta. Ki yi aikinki, ki bar mu da yaro, jikana ne ni ma.

Ƙanwarki ɗiyar kirki ce, tana da kunya, tana da ido. Allah shi yi muku albarka baki ɗaya.

Wassalam.

Yaya, na rubuta yadda ya faɗa, ban canza ko harafi ba. Da ya gama ya ba ni dabino biyu ya ce in tauna wa Sadiƙ. Ta yaya zan kalli wannan tsoho in ce hannunsa ne ke ɓata awo? Basiratu.

*

Yamai

Basira,

Salam. Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Ke ce da gaskiya. Ki yafe mini dariyar da na yi.

Da na karanta maganar guga sai na tuna bokitina. Kullum nakan shiga asansar da shi cike da ruwa, kullum in ya tashi sai in ji bokitin ya ja hannuna ƙasa, ban taɓa kawo komi a raina ba. Yau da safe na je wurin mai kifi na bakin titi na roƙe shi aron ɗan balans ɗinsa na ƙugiya. Na sayi shinkafa kilo biyar a leda. Na rataya ta ina tsaye a ƙasa, tsinke ya nuna biyar. Na shiga asansar da ita na danna bakwai.

Basira, yana fizga tsinken ya haura biyar da rabi. Da idona na gani. Da tafiya ta miƙe, muna ta hawa fa, sai ya dawo kan biyar daidai ya zauna. Da muka zo tsayawa ya faɗo huɗu da rabi, sannan ya koma biyar. Na sauko, na sake hawa, na sake saukowa. Ledar a ɗaure take, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Ashe balans ba yaro yake gani ba, jan da ake yi masa yake ji. In an fizga sama jan ya ƙaru, sai ya faɗi abin da babu. Asansar ma a hankali yake fizga, ina ga Kailu?

Mai gadi ya zo ya ce zan lalata musu na'ura. Ya same ni zaune a ƙasa rungume da shinkafa ina kuka. Bai ce mini ƴar Kurfai ba yau.

In balans ya ce bakwai da ɗari shida a hannun ɗan kokawa, to ɗana nawa ne? Na kasa yin lissafin. Ba na son in yi.

Ki ji ni da kyau. A rataye balans a jikin abin da ba ya motsi. A sa Sadiƙ. Kowa ya cire hannu. Ki jira tsinken ya daina rawa ko da za a zage ki, sannan ki karanta. Ki karanta wa Baba wannan takarda daga farko har ƙarshe. In ya ƙi, ki je wurin Malam Garba. Na san kina jin kunya, na san muryarki takan maƙale, tun kina ƙarama ni ke yi miki magana. Yau ba na nan, auta. Ni na haife shi amma bayanki ne ya san shi. Don girman Allah ki buɗe baki.

Na gaya wa patron, maigidan aikina, zan tafi, ko ya ajiye mini aikin ko ya ba wata. Zan shiga motar ranar kasuwa in sauka Filinge. Ki kawo mini ɗana can.

Zuwaira

*

Filinge, a likita

Yaya,

Yana da rai. Na fara da wannan don kada ki tsallake layi kina nema. Assalamu alaikum.

Na je tasha na duba duk motar da ta shigo, ba ki ciki. An ce ruwa ya cinye hanya, motocin Yamai sun koma. Wani mai ɗaukar kaya da zai zagaya ta wata hanya ya yarda ya kai miki wannan.

Na karanta wa Baba takardarki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗakin ƙarfe mai tashi sama da buhun shinkafa, me ya haɗa su da yaro a Tungar Aduwa? Garba ya girme ni. Ba zan aika ƴata ta kunyata shi gaban mata ba.” Ya ɗauki hauya ya fita.

Na je ƙofar Malam Garba na tsaya. Na yi sallama, ya amsa, ya ce mene ne, ɗiya? Na ce Inna ce ke gaishe shi. Na juyo gida.

Kafin ranar awo Anisa ta rasu. Wurin gaisuwa mata suna ta cewa, “Ikon Allah, yarinyar da ke ƙaruwa.” Ni na karanta wannan ƙaruwar, Yaya.

Ranar awo na san in na ce zan yi bayani ba zan iya ba. Sai na ɗauki ɗan dutsen niƙan Inna, na naɗe shi a tsumma, na goya shi da zanen nan mai shuɗi. Inna ta ɗingisa ta biyo ni da Sadiƙ a kafaɗa. Na shiga layi.

Habsa ce ta fara gani. Ta ce, “Basira, yaushe aka yi suna ba mu ci tuwo ba? Wane ne uban?” Aka fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da layi ya zo kaina na kwance goyon na miƙa wa Kailu. Ya buɗe ya ga dutse ya ce, “Kai, wannan jaririn akwai haƙuri, ko uhum bai ce ba.”

Na ce, “A auna mini.” Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Malam Garba ya ce, “Auna mata. Ɗiyar ga ba ta wasa.”

Kailu ya cusa shi a wando ya fizga. Na ce biyar. Sannan na ce, “Malam, kai ma ɗaga.” Ya dube ni, ya cije, ya ɗaga da kafaɗarsa mai ciwo. Na ce huɗu.

Habsa ta ce, “Oho, dutsen ya rame tsakanin ɗa da uba!” Wasu suka fara dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Inna ta ce, “Dutsen nan na kakata ne. Ban taɓa ganin ya ci tuwo ba, ban taɓa ganin ya yi zawo ba.”

Na ce, “A rataye shi ga abin da ba ya motsi. A jira.”

Ba wanda ya motsa. Sai Balkisa ta miƙe. Ban ma san ta zo ba, tana can jikin danga zaune, ba goyo. Ta ɗauko taɓarya ta aza gefe ɗaya a kafaɗarta, ta dubi Habsa, Habsa ta zo ta tari ɗaya gefen. Aka ɗaura balans a tsakiya da igiya. Tsinke ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya. Uku da rabi.

Aka ciro dutse aka sa Sadiƙ. Bai yi kuka ba, ƙafafunsa suna lilo kamar sillen kara. Na jira. Ba wanda ya ce karanta maza.

Kilo biyar da giram ɗari takwas. Sau biyu na faɗa.

Malam Garba ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Sannan ya ce, “Anisa hwa?” Balkisa, taɓarya na kafaɗarta, ba ta dube shi ba, ta ce, “A kawo sauran.” Aka auna kowa. Huɗu bayan Sadiƙ sun faɗa ƙasa da abin da majo ta ce musu.

Kailu ne ya ruga gona ya kira Baba. Baba ya shigo da hauya a kafaɗa, aka gaya masa, bai kalli balans ba. Ya karɓi Sadiƙ a hannunsa, abin da bai yi ba tun farkon damina. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce a ɗaura jaki. Malam Garba ya ce a ɗaura nasa ma.

Amalanke biyu muka taho, Baba yana kora, Kailu yana gaba a ƙasa yana duba hanya. Duk kurmin da muka wuce sai mata su yi shiru su rufe bakin yara. Ba mu gamu da kowa ba sai wani makiyayi, shi ma da ya hango mu gudu ya yi. Sadiƙ yana kan cinyata. In amalanke ya faɗa rami sai in ji ya yi sauƙi kamar zai tashi ya bar ni, in ya haura sai ya danne ni kamar ƙaton yaro. Na daina yarda da ko ɗaya. Yatsana na sa a ƙofar hancinsa har muka shigo gari.

Ma'aikatan likita sun sa masa ɗan siririn tiyo ta hanci suna ba shi madarar likita kaɗan-kaɗan. Matar da ke duba shi ta ce jikinsa ya yi sanyi da yawa, in rungume shi a ƙirji fata da fata. Na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce, “Ki riƙa ɗumama shi.” Na sake tambaya, ta sake faɗin haka.

Baba ya koma saboda gona da Inna. Ni kaɗai ce a nan. Ki zo, Yaya, ko a ƙafa ne. Yana buɗe ido in ya ji muryar mace a ƙofa.

Basiratu

*

Filinge

Zuwa ga Malam Garba,

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida kafaɗa. Haske mai jaki zai karanta maka.

An ce tun ranar nan ba ka fita ko masallaci, kuma ka ce a kai balans rijiya a jefa. Don Allah kada a jefa. A bar shi a jikin taɓarya. Yaran da suka rage suna bukatar awo, kuma kai kaɗai ne ba ka taɓa fasawa ba.

Yaya Zuwaira ta iso. Ta goya Sadiƙ, ta miƙe, ta kai hannu baya ta taɓa shi.

An cire masa tiyo, yana sha da cokali. Ba su ce ya tsira ba tukuna. Yau da safe an auna shi, kilo shida cif. Na jira tsinken ya tsaya, Malam. Na ƙara jira. Bai koma baya ba.

A gaida Balkisa.

Ɗiyarka,
Basiratu